Sai Injin Ya Saki

Asabar, da hantsi

Lita tara da ɗigo biyu. Da wannan aka tashe ni yau, ko ina kwana ba a yi mini ba. Maigidan ya shigo ɗaki da waya a hannu, ya kanga mini hoton allon motar a fuska, wai in ga abin da take sha a duk kilomita ɗari. Na ce ban sa tabarau ba. Ya karanta mini da bakinsa, ya kuma maimaita ko ban ji ba.

Mako biyu ke nan da aka kawo motar. Sabuwa fil, fara, mai shan dizal, kyauta daga mijin Auta. Babu wani biki, babu wani dalili, haka kawai wani direba ya tsayar da ita a ƙofar gida ya miƙa makulli ya juya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur yana bin gidajen mutane yana karanta mitar ruwa, har unguwa ta laƙaba masa Mai Mita, ga shi ya yi ritaya ya samu wata mitar da zai ƙarasa kwanakinsa yana kallo. Ko ledar kujerun ya hana a cire. In ka zauna ta yi ta ƙara, in ka tashi ta manne maka a baya.

Auta ta kira ni jiya ina wurin aiki. Muryarta can ƙasa. Ta ce in zo, in zo da Baba, mu taho da ita gida. Ta ce kada in zo ni kaɗai, ba za a bari ba, idon Baba kawai ake jin nauyi. Ban tambaye ta me ya faru ba. Ni na haife ta. Na san muryar da take yi in ta ƙona girki, na san ta zazzaɓi, na san ta shagwaɓa. Wannan ta jiya ban taɓa jin ta ba.

Da na dawo na faɗa masa. Ya ce in sha Allahu za mu je, amma sai injin ya saki.

Asabar, da yamma

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu, tunda a ganinsa jahilci ne ke damuna. Wai sabon inji ƙarafunan cikinsa ba su saba da juna ba, sai sun gogi juna a hankali sun zauna. Ba a taka shi, ba a ɗora masa kaya, ba a riƙe shi a gudu ɗaya na dogon lokaci, doguwar hanya kuwa ai gudu ɗaya ce. Shi ya sa take shan mai da yawa yanzu. In ta ci kilomita dubu da ɗari biyar, aka yi mata juyen baƙin mai na farko, shan zai sauko. Daga nan duk inda nake so a duniya zai kai ni.

Na tambayi nawa ta ci zuwa yau. Ɗari huɗu da 'yan kai.

Garinsu Auta tafiyar rabin yini ce. Na ce to mu hau motar haya mana. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Wai yaya za a yi mutum ya ba ka mota sukutum, ka je gidansa a motar haya, me zai ce?

Me zai ce. Abin da ya dame shi ke nan.

Litinin, da rana

Kantin maganin da nake aiki babu mutane, wuta ta ɗauke, firjin allurai yana ta gurnani da janareta. Na goge katakan jera magani biyu da ban ga ƙura a kansu ba, na juyo da kwalaye masu kusan lalacewa zuwa gaba.

Saƙo ya shigo daga Auta. Tana tambayar wane man shafawa ne ya fi sauke kumburi da sauri, wai ta buge da ƙofar kabad. Na rubuta mata sunan man. Na rubuta yadda ake sa ƙanƙara a tsumma. Na rubuta wani abu na uku na goge.

Doguwa, abokiyar aikina, ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, don ita ba ta san sirri ba a rayuwarta. Ta ce, "Kabad ɗin nan nasu dai hannu gare shi." Da ta ga fuskata ta ja bakinta, ta je ta haɗa mini shayi mai sukari fiye da kima. Na shanye.

Talata, da safe

Tara cif. Yana ta fara'a, har da waƙa a banɗaki.

Laraba, da yamma

Ya ce in raka shi gidan mai. Na bi shi don in samu wurin da ba zai iya tashi ya bar ni da magana a baki ba.

Shan man ma nasa da tsari. Gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, kuma sai motar ta fuskanci wuri ɗaya, don wai ƙasar wurin ta ɗan karkata, in ka juya ta tankin zai yi maka ƙarya. Akwai mota a famfon nasa, sauran ukun babu kowa, muka zauna muna jira. Da aka zo kanmu ya fita ya tsaya a kan mai zubawa, ya ce da zarar ya ji ƙarar farko ya tsaya, kada ya ƙara ko ɗigo. Ya ce allon mota yana iya faranta wa mutum rai, amma tanki ba ya yaudara.

Muna barin wurin na buɗe baki ke nan, waya ta yi ƙara. Ashe an haɗa masa ita da motar. Muryar mijin Auta ta cika ko'ina, ta ƙofofi, ta ƙarƙashin ƙafata, ta bayan kaina. Baba yaya mota, Baba yaya shan mai, Baba kada a gaji da lallaɓa ta, irin waɗannan in aka yi musu gaggawa a farko har abada ba sa gyaruwa. Maigidan yana ta to, to, madalla, Allah ya yi albarka, har yana rusunar da kai ga sitiyari.

Na ce, "Ina Auta?"

Sai dariya mai taushi. Au, ashe Mama tana kusa, ina wuni Mama, ai tana barci, kwanan nan barci take sha kamar me. Ƙarfe biyar na yamma.

Har muka iso gida ina kallon taga. Shi ya yi ta magana a kan giyar mota ta huɗu.

Alhamis, da safe

Na ɗauko littafin motar daga aljihun gaba na karanta shafin sabon inji. An ce kada a taka da ƙarfi, an ce a riƙa sauya gudu, an ce kada a ja tirela. Ban ga inda aka ce kada uba ya je wurin 'yarsa ba. Na nuna masa. Ya ce masu rubuta littafi ba su san hanyoyinmu ba.

Juma'a, da magariba

Na fasa rigima, na canza dabara. Tunda kilomita ake jira, to mu ci kilomita.

Na ce daga yau shi zai riƙa kai ni aiki yana ɗauko ni. Na tuno ina son gaida wata tsohuwar malamarmu a can ƙarshen gari. Na tuno zaren da nake nema sai a babbar kasuwa ta bayan gada. Na tuno mun daɗe ba mu ga filin da muka saya a bayan gari ba, wanda babu komai a cikinsa sai ciyawa da buhunan leda. Duk ya kai ni, yana murna. Ya ce wa maƙwabcinmu ai uwargida ta fara son motar, da ma mata sai a hankali.

Ni ce yanzu nake leƙa allon kafin ya leƙa. Shi yana duba litocinsa a sama, ni ina duba lambata a ƙasa. Ɗari bakwai da tamanin.

Lahadi, da yamma

Na je ni kaɗai.

Na san ta ce kada in yi. Na ce wa maigidan Doguwa ce ba ta da lafiya zan wuni a wurinta, na kama motar farko a tasha.

An karɓe ni hannu bibbiyu. Mai gadi ya buɗe, mutumin da kansa ya fito har tsakar gida ya karɓi jakata. Falo sanyi ƙalau, kujeru masu laushi, lemo a kofin gilashi da ƙanƙara. Auta ta fito bayan an kira ta sau biyu. Riga mai dogon hannu, a wannan zafin. Ta yi kwalliya sosai, ita da ko jan baki sai an yi faɗa take sawa. Ta gaishe ni daga tsaye, ta zauna a hankali, a gefe ɗaya na kujera.

Bai bar falon ba. Na ce zan shiga banɗaki ta nuna mini, ya ce ai ga shi nan a hannun dama, Mama. Na ce bari in taya ta a kicin, ya ce haba, Mama da ta sha hanya. Na ce ina so ta zo gida ta yi mana kwana biyu, Babanta yana kewarta. Ya ce ai babu abin da ya fi wannan sauƙi, duk ranar da Baba ya zo da kansa a sabuwar motarsa sai su tafi tare, ya za a yi matarsa ta shiga motar haya. Ya faɗa yana murmushi, yana kallona cikin ido.

Ya san ba za a zo ba. Shi ya ba da motar, shi ya ba da ƙa'idar.

Da zan tafi na rungume ta, ta ja numfashi ta cikin haƙora. Na sassauta hannuna. Shi ya kai ni tasha, ya yi ta tambayata ko Baba yana jin daɗin sanyin motar.

Na dawo na tarar da maigidan yana wanke tayoyi da burushin haƙori. Ya tambayi jikin Doguwa. Na ce da sauƙi.

Litinin, da rana

Wayarta a kashe.

Talata, da rana

A kashe. Na ba wata mata maganin tari na manya alhali na yara ta nema, Doguwa ce ta bi ta har bakin titi ta karɓo. Ta mayar da ni kan kujerar lissafi, ita ta tsaya a wurin sayarwa.

Laraba, da safe

Na faɗa masa inda na je ranar Lahadi. Na faɗa masa rigar, da zaman, da numfashin. Ina magana yana kallon kofin shayinsa yana juya shi a kan faranti. Na zaci zai yi faɗa don na yi masa ƙarya, har na shirya amsa. Bai yi ba. Bai ma yi mamaki ba, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai har yanzu.

Ya ce zaman aure sai haƙuri, mu ma ai mun ga namu. Na ce wane namu, yaushe na taɓa zama a gefe ɗaya na kujera? Ya miƙe ya ce saura kaɗan, ta kusa dubu.

Takwas da ɗigo huɗu. Ya rubuta mini a bayan takardar wuta ya ajiye a kan tebur, ko me zan yi da shi oho.

Juma'a, da yamma

Na lura da wani abu. Tun da lambar ta haura dubu, hanyoyin gari suka gajarce. Da can in zai kai ni aiki sai ya zaga ta babban titi, wai injin yana son iska. Yanzu ta lungun bayan makaranta yake yankewa. Jiya ya je masallaci a ƙafa, wai likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Yau na ce ya kai ni bayan gada, ya ce cunkoso yana ɓata masa lissafin mai, mota tana tsaye tana sha a banza.

Da ma ba jiran lambar yake yi ba. Tsoron ta yake ji.

Ɗazu na leƙa ta tagar kicin na gan shi zaune a cikin motar a gareji, inji a kashe, allo baƙi ƙirin. Hannuwansa biyu a kan sitiyari. Ya daɗe a haka. Na so in ji tausayinsa, na nema a cikina ban samu ba, sai na koma kan wanke-wanke.

Asabar, da hantsi

Na ce masa in bai kai ni ba zan ba direban maƙwabta makullin ya yi ta zaga gari da ita har lambar ta cika. Ya ɗauke makullin daga ƙusar da yake rataye shi. Yanzu a aljihun wandonsa yake kwana.

Litinin, da yamma

Wayar ta shiga, ba a ɗauka ba. Na yi ta kira har Doguwa ta karɓe wayar daga hannuna ta sa a aljihunta. Ta ce in na cika kira shi zai gani, kuma ba a kaina zai huce ba.

Ban taɓa jin haushin mai gaskiya kamar yau ba.

Laraba, da rana

Ta cika. Bayan makonni yana jan ƙafa, dubu da ɗari biyar da uku, a daidai ƙofar kantinmu. Ni na fara gani, na nuna masa da yatsa. Ya ce to alhamdu lillahi, da murya irin ta wanda aka ba sakamakon asibiti.

Sai juyen mai. Na ce ga gareji nan a kan layinmu. Ya ce a'a, sabuwar mota sai wurin masu ita, in ba haka ba garanti ya tashi, kuma surukinsa ne zai sama masa rana a wurinsu. Na ce wato sai mun nemi izininsa kafin mu je mu ɗauke ta daga hannunsa. Ya ce ni komai sai na juya shi.

Na ɗauki lambar da ke jikin littafin na kira su da kaina. Wata yarinya mai sanyin murya ta ce ai babu layi, ko gobe da safe ya kawo.

Alhamis, da yamma

An yi juyen. Ya dawo da takardar kamfani a shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafar direba, ita ma ya hana a cire.

Bakwai da ɗigo shida. Ya ce kin ga abin da nake faɗa.

Na ce jibi Asabar ba ni da aiki, da asuba sai mu kama hanya. Ya zauna a bakin gado yana cire takalmi, ya daɗe a kan igiyar ƙafa ɗaya. Sai ya ce ya yi hira da babban makanikin wurin, wai shi injin dizal daban ne da na fetur. Juyen farko somin taɓi ne. Ba ya gama sakin jiki sai ya kai dubu biyar, wasu ma dubu goma.

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, har na riƙe ƙofa. Ya ɗago yana kallona, shi ma ya fara murmushi, ya zaci abin ya wuce.

Juma'a, da rana

Ta kira. Da wata lamba, ina jin ta 'yar aikin maƙwabtansu ce.

Ba ta yi ƙasa da murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mama, ki daina damun Baba. Ba komai. Na saba." Ta tambayi ƙafata mai ciwo, ta ce in gaida Doguwa, ta kashe.

Duk makonnin nan ina jin tsoro, amma ban san tsoro ba sai yau. Wadda take kuka tana jiran wani. Wannan ta daina jira.

Na cire rigar aiki na rataye, na ce wa Doguwa ta faɗa wa mai kanti duk abin da ta ga dama.

Juma'a, da magariba

Na same shi a gareji yana goge madubi. Ban zauna ba.

Na ce, "Malam, gobe zan tafi. In ka zo, ka shiga gidan a matsayin ubanta. In ba ka zo ba, zan tsaya a ƙofar gidan in yi ta kiran sunanta har duk layin su fito. Duk wanda ya tambaye ni ina ubanta, zan ce yana gida yana jiran inji ya saki."

Ya ce ba zan yi haka ba. Na ce shekara nawa muna tare, ya taɓa jin na ce zan yi abu na fasa?

Ya ninke tsumman ya sake ninkewa. Ya ce to, amma ba zai wuce tamanin ba, kuma za mu riƙa tsayawa injin yana hutawa.

'Yarsa ba ta tashe shi ba. Maƙwabtan da bai taɓa gani ba su suka tashe shi. Na karɓa a haka, ba ni da zaɓi.

Asabar, da magariba

Zan rubuta yadda aka yi, bi da bi, don kada gobe wani ya ce mini ba haka ba ne.

Mun tashi da sassafe. Tamanin, saba'in, tamanin, kamar yadda ya ce. Manyan motoci da kaya har sama suna wuce mu suna mana hon. Mun tsaya sau biyu, ya buɗe gaban motar ya leƙa ya rufe. Bai kunna rediyo ba, bai ambaci lita ba, ni ma ban ambaci kowa ba. Ledar kujera ce kawai take magana.

Mutumin ya fito tarbarmu da fara'a, amma na ga idonsa lokacin da ya hangi wanda ke tuƙi. Bai zaci haka ba. Ya zaga motar, ya shafa ta, ya danna taya da ƙafa, ya ce Baba yanzu nawa take sha. Maigidan ya ce bakwai da ɗigo biyu. Ya ce madalla, ai na faɗa maka, haƙuri take so.

Na ce shi ke nan, za a shiga falo, a kawo lemo, a yi hirar giyar mota da taya, a rako mu.

Sai maigidan ya yi gyaran murya. Yana kallon ƙasa ya ce, "Na zo in tafi da 'yata." A hankali ya faɗa, har sai da mutumin ya ce na'am, ya maimaita. Ba zan hana shi wannan ba, ya faɗa.

Mutumin ya yi 'yar dariya ya ce ai ba matsala, kwana biyu ta huta ta dawo. Ya dubi mai gadi, ya dubi tagogin maƙwabta, ya shiga ciki. Ban jira an ce in shiga ba. Na same ta a ɗaki a zaune, jaka ƙarama a gefenta, a ɗaure. Ban san tun yaushe jakar take a ɗaure ba, ban kuma tambaya ba.

Mun fito ina riƙe da ita ta hannun dama, don na hagun ba ya taɓuwa. Uban ya yi sauri ya buɗe mata ƙofar baya. Har ya kama ledar kujerar ya yage ta, abin da ya hana kowa yi.

Ta tsaya. Ta kalli motar tun daga gaba har baya, ashe ba ta taɓa ganin ta ba.

Ta ce, "Ba zan shiga ba."

Ya ce haba Auta, akwai sanyi a ciki, za ki iya kwanciya.

Ta ce, "Baba, kai na fara kira, kafin Mama. Na faɗa maka komai. Ka ce in bar maka, za ka yi masa magana. Ka kuwa yi masa. Mako bai zagayo ba aka kawo maka wannan."

Ba ta ɗaga murya ba. Na juya na dube shi. Na jira ya ce ƙarya ne, ko ya ce ba haka aka yi ba, ko ya ce wani abu dai. Ledar tana hannunsa, ya dunƙule ta, yana kallon ta.

Makonni ina kwana a ɗaki ɗaya da mutumin nan, ina ba shi labarin abin da ya riga ni sani.

Na ɗauki jakar. Muka fita ta ƙaramar ƙofa, muka tari tasi a bakin titi zuwa tasha. Bas ɗin da ya rage babba ne, tsoho, kujerar ƙarshe kawai ta saura, a kan taya. Na sa ta a jikin taga, na ninke mayafina na tokare mata haƙarƙari saboda ramuka.

Muna fita daga tasha na waiwaya ta gilashin baya, sai ga farar motar. Ya biyo mu. Shi kaɗai a ciki, kujeru huɗu babu kowa, ya matso da fuskarsa kusa da gilashi yana neman mu.

A cikin gari ya manne mana. Duk inda muka tsaya ya tsaya, duk inda muka juya ya juya. Da muka haye gada muka hau babbar hanya, direbanmu ya taka, don shi babu abin da yake lallaɓawa, motarsa ta saki tun kafin a haifi Auta. Bas ya ɗauki gudu yana karkarwa. Farar motar ta biyo, ta biyo, sai na ga tazara ta fara buɗewa. Na san lambar da allurar gudunsa ta tsaya a kai.

Na juya gaba ɗaya na durƙusa a kan kujera kamar ƙaramar yarinya. A raina ina cewa taka mana, bawan Allah. Ba zai gyara komai ba, amma ka taka. Sau ɗaya dai ka ɓata lissafin nan ta gani.

Wata tankar mai ta shiga tsakaninmu. Da ta kauce ya koma can baya, ɗan fari a ƙarshen hanya. Muka hau wani tudu muka gangara, na jira ya ɓullo a saman tudun har wuyana ya gaji.

Auta ta ɗora kanta a kafaɗata, idonta a rufe. Ta ce, "Mama, yana nan?"

Na ce mata yana nan. Na gyara zama, na fuskanci gaba.